Doki da Ƙuda a Ƙasar Ba'awa: Daga Hayaƙin Barga zuwa Maganin Kwalba

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun daɗe da yarda cewa doki yana cikin ginshiƙan da sarauta ta tsayu a kansu. Sunayen sarautu kaɗai sun isa shaida: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Shamaki. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ɗawainiyar da ke bayan wannan ƙasaita, watau yadda ake riƙe doki da rai da lafiya daga wannan damina zuwa waccan, alhali ƙudaje masu cizo suna bin sa dare da rana.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan ɗawainiya a ƙasar Ba'awa, watau yankin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano. Za a fi mai da hankali ga doki mai fata marar jimiri, wanda cizon ƙuda yake tayar masa da ƙuraje, sa'an nan maganin da aka shafa masa ya zo ya ƙara masa wani ciwon. A kan irin wannan doki ne ake gane bambancin da ke tsakanin dabarun mutanen da da na yanzu: su sun ɗora yawancin kariyar a kan lokaci da wuri da iska da tufa, yanzu kuwa an tattara ta an ɗora a kan fatar dabbar.

Ƙasar da ƙudajenta

Wanda ya tashi daga Kano ya nufi kudu, yana wuce Bebeji zai ga ƙasa tana sauyawa. Itatuwa suna ƙara tsawo da duhu, rafuka suna yawaita, har a kai ga duwatsun Riruwai inda ruwan sama yakan haura milimita 1,000 a shekara. Kogin Kano ya ratsa yankin, dajin Falgore kuma ya mamaye wani babban sashe na Tudun Wada da Doguwa. Ƙasa ce mai ciyawa da ruwa, abin da ya jawo Fulani makiyaya, ciki har da Ba'awa. Amma danshin da ke raya ciyawa shi ne kuma ke raya ƙwari.

Hausa ba ta tara waɗannan ƙwari a suna guda ba. Akwai ƙuda na gida, wanda ba ya cizo, sai dai ya taru a ido da bakin miki. Akwai bobuwa, mai cizo da zafi har jini ya fito. Akwai tsando, wanda a bakin jama'a akan faɗaɗa sunansa ya haɗa da wasu manyan ƙudaje masu cizo, amma a wurin masana ya keɓanta ga mai ɗauke da ciwon barci ga mutum da sammore ga dabba. Sai sauro, sai kuma ƙyashi, ɗan mitsitsi mai fitowa da almuru da asuba. (A rubuce, sunansa ɗaya ne da ƙyashin da ke nufin hassada, kuma duk biyun ba a cika ganin zuwansu ba.) Wannan rarrabewa ta harshe tana da amfani na zahiri, domin kowane ɗaya daga cikinsu da inda yake ƙyanƙyasa, da lokacin fitowarsa, da wurin da yake kama doki. Saboda haka maganin da ya kori wannan ba lalle ne ya kori wancan ba.

Doki a bakin iyaka

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ce Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ya kuma ba da labarin cewa Kanajeji ya riƙa aika wa Kwararrafa da dawaki, su kuwa suna aiko masa da bayi. Wannan labari na biyu ya fi na farkon nuna matsayin ƙuda a tarihi. Mutanen kwarin Binuwai suna da dukiyar sayen doki, amma ƙasarsu ba ta barinsa ya yi tsawon rai balle ya hayayyafa, don haka kullum sai sun koma arewa sun sayo wani. Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna haka daular Oyo ita ma ta dogara da dawakin arewa. Tsando, ke nan, ya mai da doki hajar da ba ta rasa mai saye, Kano kuwa tana cikin masu cin ribar.

Ƙasar Ba'awa tana kan gaɓar da wannan matsala take somawa. Bebeji zango ne babba a kan hanyar Kano zuwa Zazzau. Hugh Clapperton ya bi ta garin a daminar 1826, ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 da 25,000. Heinrich Barth kuma, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano yana iya tara barade 7,000. Wani sashe na wannan runduna dole ne ya zauna a kudu, musamman bayan da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa suka kafa zama a duwatsun Ningi a cikin shekarun 1840. Daga nan har ƙarshen ƙarni na 19 hare-haren Ningawa ba su bar kudancin Kano ya huta ba, kuma Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi ta wannan fuska. Garuruwa masu ganuwa irin su Rano da Tudun Wada sun zama masu tsaron iyaka.

A nan akwai wani ƙulli da ya kamata a lura da shi. Inda hari ya yi yawa, manoma sukan gudu. Inda manoma suka gudu, daji yakan rufe, namun daji su dawo, tsando kuma ya bi su, gama jininsu ne abincinsa. John Ford ya yi bayanin wannan zagaye dalla-dalla a littafinsa na 1971 kan sammore da muhallin Afirka. Ma'anarsa ga baraden Kano ita ce, dajin da ke raba su da abokan gaba shi ne kuma ke cinye musu dawaki. Mahayin da ya kutsa kurmi yana bin sawun mahara yana iya komowa lafiya, bayan 'yan makonni dokinsa ya soma rama, ƙafafu su kumbura, ya daina cin harawa. Manyan dawakin da ake kawowa daga Borno da Azbin su ne masu tsada, su ne kuma ba su saba da irin wannan ƙasa ba.

Shi ya sa yaƙi ya zama sana'ar rani. Akan ce dalili shi ne an gama girbi kuma rafuka sun ƙafe, wannan kuwa gaskiya ne. Amma akwai dalili na uku: da rani tsando yakan janye ya takure a duhuwar bakin rafi, bobuwa ta yi ƙaranci, ƙyashi ya ragu. Ko Turawa ma ba su saɓa wa wannan ƙa'ida ba. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa Bebeji bayan mutanen garin sun yi tirjiya, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, a tsakiyar hunturu.

Dabarun barga

Da damina kuwa, doki na gida ne. Bahaushe bai saba sakin dokin hawa ya yi kiwo a fadama kamar saniya ba. Yana ɗaure a turke cikin barga, ana yanko masa ciyawa, ana ba shi dawa ko gero da dusa da kanwa. Galibi akan ɗauki wannan a matsayin gata da nuna isa. Amma idan aka dube shi ta fuskar ƙwari, za a ga cewa an nesanta dabbar ne daga bakin ruwa a daidai lokacin da cizo ya fi yawa. Mai yankan ciyawa shi ke shiga fadama ya sha cizon, doki yana inuwa.

Sai hayaƙi. Da yamma akan tara busasshen kashin dabbobi da ɗanyen ganye a kunna a gefen barga, yadda wutar ba za ta tashi ba sai dai ta yi ta turnuƙewa, kamar yadda Fulani suke yi wa shanu a ruga har yau. Lokacin da ake kunna ta shi ne lokacin fitowar ƙyashi da sauro. Ana iya jefa ganye mai ƙamshi irin ɗoɗɗoya a ciki. Game da itatuwa, J. M. Dalziel ya tattara sunayensu na Hausa a 1916, ya kuma yi bayanin amfaninsu a babban littafinsa na 1937. Maɗaci yana cikin waɗanda aka san masu dawaki suna amfani da ɓawonsu, a jiƙa a ba doki ko a wanke masa miki. Darbejiya kuwa, wadda yau ake ambata kamar tun kaka da kakanni aka gaje ta, baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya, kuma sai a 1928 aka soma dasa ta a Borno, daga nan ta bazu. Baraden Abdullahi Maje Karofi ba su taɓa ganin ta ba.

Akwai kuma wata kariya da tattalin arziki ya samar ba tare da an nufa ba. Taki dukiya ne a ƙasar Kano. Jujin barga akan kwashe shi a mangala a kan jakuna zuwa gona kafin saukar ruwa. Ƙudan gida, da wani ɗan'uwansa mai kama da shi wanda ke cizon ƙafafun doki, duk a cikin kashi da ruɓaɓɓiyar ciyawa mai fitsari suke ƙyanƙyasa, kuma da zafi ƙudan gida yakan tashi daga ƙwai ya zama babba cikin kwana bakwai zuwa goma. Kwashe juji a bazara, ashe, rushe gidan ƙuda ne ana gab da shiga lokacinsa.

Kayan ado ma ba ado ne kawai ba. Tuntaye da gezar da ake ratayawa a goshin doki suna kaɗawa duk sa'ad da ya motsa kai, su hana ƙuda sauka a ido. Ba a kuma yanke wa doki wutsiya, mutum ma izgar yake nema ya riƙe a hannu ya kori nasa ƙudan. Abin da ake shafawa a fata kaɗan ne: man shanu ko man kaɗe a wurin da sirdi ya goge ko cizo ya tsage, don ya rufe mikin ya hana ƙuda zama. Duk waɗannan dabaru suna rage cizo ne, ba su hana shi ɗungum, kuma dawaki sun yi ta mutuwa duk da su. Amma in ban da hayaƙin da ya yi yawa ya sa tari, babu ɗaya daga cikinsu da ke cutar da doki mai raunin fata.

Yaƙi da tsando

A 1895 David Bruce ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa tsando ne ke ɗaukar ƙwayar da ke sa sammore daga namun daji zuwa dabbobin gida. Kafin nan, a 1880, Griffith Evans ya gano 'yar'uwar wannan ƙwaya a jinin dawaki da raƙuma a Indiya, wadda daga baya aka gane manyan ƙudaje masu cizo irin bobuwa ne ke yaɗa ta. Wannan na biyu yana da muhimmanci, domin yana nufin ko an kawar da tsando, ba a rabu da irin wannan ciwo gaba ɗaya ba.

Abin da ya tayar da hankalin gwamnatin mulkin mallaka a Arewa shi ne ciwon barci da ya yi tsanani a shekarun 1920 da 1930. An kafa tashar bincike a Sherifuri kusa da Azare, daga baya ta koma Gadau. Sa'an nan aka ƙaddamar da shirin Anchau, maƙwabciyar wannan yanki ta ɓangaren Zazzau, inda aka sare duhuwar bakin rafuka aka tara mutane a sababbin matsugunai, ciki har da garin Takalafiya. T. A. M. Nash ya buga rahoton shirin a 1948. A 1951 aka buɗe cibiyar binciken ciwon barci da sammore a Kaduna. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka koma ga feshi da D.D.T. da diyaldirin a bakin kogunan da ke malala zuwa tafkin Chadi, waɗanda Kogin Kano yake cikin masu ba su ruwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an share kusan murabba'in kilomita 200,000 na Arewacin Nijeriya daga tsando. Yawaitar jama'a da faɗaɗar gonaki suka hana shi komowa yawancin wuraren.

A daidai wannan lokaci ne kuma ruwa ya ƙaru. An kammala madatsar Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da kewaye. Alherin wannan aiki a bayyane yake. Sai dai tsutsar bobuwa a taɓo take girma, ta ƙyashi kuma a ƙasa mai danshi da taki. Rani, wanda a da yake hutu ga doki, ya daina zama cikakken hutu a kusa da magudanan ruwa.

Zamanin kwalba da doki mai raunin fata

Yau doki a wannan yanki na hawan Salla ne da angwanci da kilisa da sukuwa. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2024. Amma Salla ba ta bin yanayi kamar yaƙi: tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, har ta zagaye damina da rani cikin shekara 33. Ƙaramar Sallar 2013 da Babbar Sallar 2019 duk a watan Agusta suka faɗo. A irin waɗannan shekaru dole a fito da doki, a ɗora masa kaya masu nauyi, ya yi gumi a tsakiyar marka. Nan ne mai doki yake miƙa hannu ga kwalba.

Abin da ke cikin kwalbar yana da nasa tarihin. D.E.E.T. ya fito daga binciken da aka yi wa sojojin Amurka a shekarun 1940. Fametirin da danginsa, irin su saifametirin, an harhaɗa su a Ingila a farkon shekarun 1970, ana kwaikwayon gubar da ke cikin wani fure da ake nomawa a Kenya. Su ne ginshiƙin yawancin magungunan ƙuda da aka yi musamman don doki. Matsalar ita ce, irin waɗannan ba su ne suka fi sauƙin samu a kasuwar ƙauye ba. Abin da ke kusa shi ne maganin kaskar shanu, da maganin feshin gona, da fiya-fiya, da baƙin man mota. Amitiraz, wanda ake wanke shanu da shi, guba ne ga doki: yana tsayar masa da hanji, ya sa ciwon ciki mai tsanani, har ya kai ga mutuwa. Fiya-fiya da maganin gona suna ratsa fata su shiga jiki. Baƙin mai kuwa yana ƙona fatar da ake so a warkar. Ko dokin da fatarsa ta fi ta kowa ƙwari bai kamata a kusance shi da ɗaya daga cikinsu ba.

Raunin fata iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke sa a yi ta sauya magani ba biyan bukata. Na farko, dokin da jikinsa ba ya shiri da yawun ƙyashi. Alamarsa ƙaiƙayi a gindin geza da gindin wutsiya da ƙarƙashin ciki, ya yi ta gugar turke da bango har gashi ya zube, wurin ya zama gyambo, kuma abin yakan dawo duk shekara a lokaci guda. An lura cewa dawakin tsibirin Aisilan da suka girma ba su san wannan cizo ba, in aka kai su sauran ƙasashen Turai sun fi 'ya'yansu da aka haifa a can kamuwa da wannan ciwo nesa ba kusa ba. Wannan abin tunani ne ga wanda ya sayo doki daga busasshiyar ƙasa ya kawo shi bakin Tiga. Na biyu, dokin da maganin kansa ne ke tayar masa da borin jini ko saɓar fata. Sau da yawa laifin na abin da aka narkar da maganin a cikinsa ne, kamar mai ko turare, shi ya sa wanda aka haɗa da ruwa yakan fi sauƙi. D.E.E.T. mai ƙarfi, in aka yi ta maimaita shi, an ga yana sa doki gumi da saɓa. Kada kuma a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga itace lafiya ne: man darbejiya da mayukan ganyaye masu ƙamshi suna kora na ɗan lokaci, amma tsagwaronsu yana iya ƙona fata, balle a kan fatar da ba ta da baƙi, kamar ta farin hanci da fararen dabbaren danda, in rana ta buge ta.

Launi ma yana da nasa hukunci. Binciken da aka yi a ƙasar Hangari, aka buga a 2010, ya nuna bobuwa ta fi bin baƙin doki da ja a kan fari. Akawal, ke nan, ya fi shan cizo da rana, farin mayafi mai shara-shara kuwa zai rage masa. Wannan ɗabi'a ta bin duhu ita ce kuma ake amfani da ita wajen yin tarko da shuɗin ƙyalle da baƙi, a kafa shi nesa da barga. Ƙuda, in ji Hausawa, wajen kwaɗayi akan mutu.

Ga dokin da ƙyashi ke damu, tsarin tsohuwar barga ya fi kowace kwalba: a shigar da shi kafin almuru, kada a fito da shi sai rana ta ɗaga, a nesanta turke daga magudana da juji, a kwashe kashi aƙalla sau biyu a mako. Ƙyashi ba shi da ƙarfin tashi cikin iska, don haka barga mai shan iska, ko fanka inda akwai lantarki, tana yin aikin da hayaƙi yake yi a da ba tare da tari ba. Gidan sauro na yau da kullum idonsa ya yi masa faɗi, sai mai ƙanƙanin ido. Gyambon da ya ƙi warkewa da damina, ya yi ta tsiro da nama, sau da yawa tsutsa ce ƙuda ya ajiye a ciki, wannan kuwa aikin likitan dabbobi ne, maganin kora ba ya taɓa ta.

In ya zama dole a yi shafi, sai a nemi wanda takardarsa ta ambaci doki ƙarara, a bi awon da aka rubuta. A fara ɗiga kaɗan a wuri kamar faɗin tafin hannu a gefen wuya, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. In wurin ya kumbura, ko ya yi zafi, ko doki ya soma susa, a wanke da ruwa da sabulu marar ƙarfi a bar wannan maganin. In bai nuna komai ba, a shafa da tsumma a kan busasshiyar fata mai tsabta, a kauce wa ido da hanci da miki, a kuma kauce wa inda sirdi da majanyi za su zauna, domin gumi da guga suna tura magani cikin fata. Tun da gwajin kansa yana cin kwana biyu, kuma fatar da ta tashi takan ɗauki mako ko fiye kafin ta kwanta, wanda zai hau ran Salla sai ya yi gwajinsa tun azumi bai raba tsakiya ba, ko tun kafin ganin watan Zulhajji.